Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugabannin Gidajen Rediyo da Editocin Jaridun Intanet na Kano kan Ƙuri'ar Jin Ra'ayin Jama'a Kafin Zaɓen Gwamna

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranku ya daɗe, ina rubuto muku wannan wasiƙa ne a matsayina na tsohon malamin lissafi wanda ya ƙare aikinsa a makarantun sakandaren Jihar Kano, kuma mai sauraron rediyo wanda ba ya rabuwa da akwatinsa tun daga labarun safe har zuwa shirye-shiryen siyasa na dare. Na zaɓi in yi magana da ku a fili saboda abin da ke damuna ya shafi duk wanda ke da katin zaɓe a jihar nan, kuma ku ne ƙofar da yake bi ya shiga gidajen mutane. Zaɓen gwamna na 2027 yana tafe, kuma na san cewa kafin ranar za a kawo muku takardu masu ɗauke da alƙaluma, a ce an yi ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, wane yana da kashi kaza cikin ɗari, wane kuma yana biye da shi. Roƙona shi ne kada ku karanta wa Kanawa ko ɗaya daga cikin waɗannan alƙaluma sai kun san wanda ya biya kuɗin aikin, da mutum nawa aka tambaya, da inda suke zaune, da hanyar da aka bi aka same su, da ranar da aka yi tambayar, sannan ku faɗa wa mai sauraro duk waɗannan abubuwa tare da alƙaluman.

Ba ƙin wannan ilimi nake yi ba, domin na koyar da tushensa shekara da shekaru. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Dawanau ya ga yadda mai sayen hatsi yake yi. Ba ya zazzage buhun gero gaba ɗaya kafin ya yi ciniki, ƙarfe yake soka wa buhun ya zaro 'yan ƙwayoyi a tafin hannunsa ya duba. Amma gogaggen ɗan kasuwa ba ya tsayawa a bakin buhu, sai ya soka ta gindi ya soka ta tsakiya, kuma ba ya yarda mai kaya ya nuna masa buhun da zai soka, domin ya san akwai masu zuba mai kyau a sama su ɓoye mai tsakuwa a ƙasa. Ƙuri'ar jin ra'ayi wannan aikin take yi. Mutum dubu ɗaya da aka zaɓo ta hanyar da kowane mai katin zaɓe yake da damar faɗowa a ciki sun isa su nuna inda miliyoyi suka karkata, da kuskuren da ba ya wuce kusan kashi 3 cikin ɗari sama ko ƙasa a mafi yawan lokuta. Mutum dubu hamsin da suka kawo kansu da kansu ba su nuna komai ba sai ra'ayin waɗanda suka kawo kansu.

An yi wannan darasi a Amurka tun 1936. Wata mujalla mai suna Literary Digest ta tattara amsoshin mutum fiye da miliyan biyu, ta ce Alf Landon zai kayar da shugaba Franklin Roosevelt. Da aka yi zaɓe Roosevelt ya ci jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta ɗebo sunayen mutanenta ne daga littattafan lambobin tarho da rajistar masu motoci da jerin masu sayenta, a lokacin da talaka ba shi da tarho balle mota, kuma mafi yawan waɗanda aka aika wa takardar ba su ma maido da amsa ba. George Gallup, wanda ya tambayi mutane kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta, shi ne ya faɗi wanda zai ci daidai. Na kawo wannan tsohon labari ne domin abin da ya kayar da waccan mujalla shi ne ainihin abin da nake gani a shafukan Facebook na Kano duk kakar zaɓe, inda za a liƙa hotunan 'yan takara biyu a ce a danna wa wanda ake so, sannan washegari a wayi gari an mayar da adadin dannawar labari.

Ku dubi yadda jihar take. Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kuma a 2023 mutum 5,921,370 ne ke cikin rajistar masu zaɓe. Ƙananan hukumomin cikin birni da kewayensa, wato Birni da Dala da Fagge da Gwale da Nasarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo, su ne inda waya mai intanet ta fi yawa, inda sabis ya fi ƙarfi, inda kuma aka fi samun matasan da ke kwana a kan siyasa. Amma ƙuri'ar manomin Doguwa da ta mai kiwo a Shanono da ta tsohuwa a wani ƙauyen Sumaila ko Ajingi nauyinsu ɗaya da ta ɗan kasuwar Kantin Kwari. Kano ta Kudu kaɗai tana da ƙananan hukumomi 16, Kano ta Arewa tana da 13, Kano ta Tsakiya 15. Binciken da aka yi shi ta waya daga ofis a Abuja ko Legas zai fi saurin samun mutumin birni, kuma idan masu binciken ba su gyara wannan giɓi da lissafi ba, sakamakon zai zama ra'ayin ƙwaryar birni da aka sa masa sunan jiha.

Sannan akwai mata, waɗanda duk mai zuwa rumfar zaɓe a Kano ya san yadda layinsu yake yin tsawo tun da sanyin safiya. Da yawa daga cikinsu, musamman a karkara, ba su da wayar kansu, wayar maigida ce ko ta ɗa. Wadda take da ita ma ba kasafai za ta tsaya ta yi doguwar magana da baƙon namiji a kan wanda za ta zaɓa ba. Na shaida wannan a gidana ana gab da zaɓen da ya wuce. An kira wayar maiɗakina, wata murya ta fara da Turanci sannan ta koma Hausar da ba ta zauna ba, ta ce ana tambayar ra'ayi ne a kan zaɓen gwamna. Maiɗakina ta ce ba ta yanke shawara ba, ta kashe waya, alhali kuwa ta daɗe da yanke shawara kuma ta fita ta jefa ƙuri'arta. Da na tambaye ta dalili sai ta ce ita ba ta san ko waye ba, kuma a zamanin da 'yan damfara ke kira suna neman lambar banki, ba ta ga dalilin buɗe wa baƙuwar lamba cikinta ba. A takardar waɗancan mutane an rubuta ta cikin waɗanda ba su tsai da magana ba, kuma ina da yaƙinin irinta suna da yawa.

Wannan rukuni na masu cewa ba su yanke shawara ba da masu ƙin amsawa shi ne abin da aka fi zubarwa idan labari ya iso ɗakin watsa shirye-shirye, alhali sau da yawa shi ne labarin. A watan Satumba na 2022 gidauniyar ANAP ta fitar da binciken da kamfanin NOIPolls ya yi mata ta waya a kan zaɓen shugaban ƙasa. Ya ba Peter Obi kashi 21, Bola Tinubu da Atiku Abubakar kashi 13 kowannensu, Rabi'u Musa Kwankwaso kashi 3. Amma kashi 32 sun ce ba su yanke shawara ba, kashi 15 kuma sun ƙi faɗar wanda za su zaɓa. Kusan rabin waɗanda aka tambaya ke nan ba su faɗi komai ba. Masu binciken sun rubuta wannan a fili, ba su ɓoye ba, amma abin da ya yawata a bakin mutane shi ne wane yana kan gaba. Da aka yi zaɓe ranar 25 ga Fabrairu 2023, hukumar zaɓe ta bayyana Tinubu da ƙuri'a 8,794,726, Atiku da 6,984,520, Obi da 6,101,533, Kwankwaso da 1,496,687. Mutane da yawa da suka riga suka ɗauki waɗancan alƙaluma a matsayin alkawari ba su iya karɓar wannan sakamako ba. Kamfanin Stears, wanda shi ma ya yi nasa binciken, ya yi abin da ya dace a yaba, domin ya ce sakamakon ya dogara ga yawan fitowar jama'a, kuma idan fitowar ta yi ƙaranci Tinubu ne zai ci. Fitowar kuwa ba ta kai kashi 30 cikin ɗari ba.

Adalci ne in faɗa cewa ita dai wannan gidauniya ta ANAP ta sa an yi irin wannan bincike a kan zaɓen gwamnan Kano kafin zaɓen 2023, ya nuna Abba Kabir Yusuf na NNPP a gaban Nasiru Yusuf Gawuna na APC, kuma haka akwatin ya nuna. Saboda haka binciken da aka yi a kan ƙa'ida yana iya hango gaskiya, kuma irinsa ya cancanci a karanta shi a rediyo, amma a karanta shi duka, har da adadin waɗanda suka yi shiru.

Maganar fitowar jama'a ta fi komai nauyi a zaɓen gwamnan Kano, kuma ina roƙon ku tsaya a kan waɗannan alƙaluma na hukumar zaɓe. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu 2023 jam'iyyar NNPP ta sami ƙuri'a 997,279 a Kano, APC ta sami 517,341. Mako uku bayan haka, ranar 18 ga Maris, a zaɓen gwamna, NNPP ta sami 1,019,602, APC kuma ta sami 890,705. Wato cikin kwana ashirin da ɗaya jam'iyya ɗaya ta ƙaru da ƙuri'a 22,323, ɗayar kuma ta ƙaru da 373,364. Jiha ɗaya ce kuma rajista ɗaya ce, amma kujerar da ake nema da mutumin da ke kan takarda da wanda ya ga dalilin fita a ranar sun sauya hoton. Wanda ya ɗauki binciken da aka yi kan zaɓen shugaban ƙasa ya auna na gwamna da shi zai yi kuskure babba, haka ma wanda ya karanta binciken da aka yi watanni kafin zaɓe kamar jiya aka yi shi. Ƙari a kan haka, waɗanda suka jefa ƙuri'a a zaɓen gwamnan ba su wuce kusan ɗaya cikin uku na masu rajista ba. Idan aka tambayi mutum a waya ko zai fita zaɓe, kunya kaɗai ta isa ta sa ya ce zai fita. Binciken da bai yi ƙoƙarin tantance wanda zai fita da gaske ba yana ƙirga ra'ayin mutum biyu cikin uku da za su kasance a gida ko a gona ko a kasuwa ranar.

Akwai kuma iyakar da lissafi da kansa ba ya iya ƙetarewa. A 2019, bayan an bayyana zaɓen 9 ga Maris a matsayin wanda bai kammala ba, abin da har yau Kanawa ke kira inkonkulusib, Abba Kabir Yusuf na PDP yana gaba da tazarar ƙuri'a 26,655. Bayan zaɓen cike giɓi na 23 ga Maris, wanda ya sa sunan mazaɓar Gama ya zagaya ƙasar nan, an bayyana Abdullahi Umar Ganduje da ƙuri'a 1,033,695, Abba da 1,024,713. Tazarar 8,982 ce cikin ƙuri'a fiye da miliyan biyu, ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Babu binciken mutum dubu ko dubu biyu da zai iya rarrabe irin wannan tazara, komai kyan aikinsa. Idan takarda ta ce wane yana da kashi 41, wane yana da 39, karatun gaskiya shi ne sun yi kankankan kuma ba a san mai ci ba, domin tazarar da ke tsakaninsu ta faɗa cikin kuskuren da ma'aunin yake ɗauke da shi. Mai gabatar da shiri da ya ce ɗaya yana kan gaba ya faɗi abin da takardar ba ta faɗa ba. Haka kuma idan binciken na ƙasa baki ɗaya ne mai mutum dubu, kason Kano a cikinsa bai fi mutum sittin da 'yan kai ba, kuma ba a yanke wa jiha mai mazaɓu 484 hukunci da bakin mutum sittin.

Tarihin jihar ma ya kamata ya sa kowa ya yi taka-tsantsan. A 1983 Sabo Bakin Zuwo ya kayar da Abubakar Rimi. A 2003 Malam Ibrahim Shekarau ya kayar da Kwankwaso yana kan kujera, a 2011 kuma Kwankwaso ya dawo. Ba banza ake cewa siyasar Kano sai Kano ba, domin mai zaɓe a nan yana iya sa hular wani, ya karɓi atamfar wani, ya halarci taron wani, sannan ya shiga rumfa ya dangwala wa wanda zuciyarsa ta kwanta da shi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tsoron abin da ke biyo bayan sakamako. Idan aka shafe wata shida ana gaya wa matashi a rediyo cewa bincike ya tabbatar gwaninsa yana da kashi 70, to an gama gaya masa cewa duk wani sakamako da ya saɓa wa wannan sata ce, tun kafin a buɗe akwati ɗaya. Wanda ya ƙirƙiro alƙaluman yana iya yiwuwa abin da yake nufi ke nan, ya kashe wa magoya bayan abokin hamayya gwiwa, ya jawo masu son bin inda nasara take, sannan ya tanadi hujjar ƙin yarda idan ya faɗi. Mun san abin da jihar nan ta gani. An sa dokar hana fita a Kano ranar da aka bayyana sakamakon zaɓen gwamna a Maris 2023, an sake sa ta ranar 20 ga Satumba na shekarar lokacin da kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke ƙuri'a 165,663 daga cikin na Abba Kabir Yusuf, kuma hankalin mutane bai kwanta ba sai da Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da kujerar ranar 12 ga Janairu 2024. Waɗanda suka manyanta suna tuna Afrilun 2011, lokacin da ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta mutum fiye da 800 sun rasa rayukansu a jihohin Arewa goma sha biyu bayan zaɓen shugaban ƙasa. Ban ce ƙuri'ar jin ra'ayi ce ta haddasa waɗannan ba. Ina cewa garin da yake da irin wannan tarihi bai kamata a riƙa zuba masa alƙaluman da ba su da asali ba.

Mu al'umma ce da ta gaji ilimin isnadi. Malamanmu ba sa karɓar hadisi sai sun san wanda ya ji daga wanda, kuma aya ta 6 a Suratul Hujurati ta umarce mu da bincikar labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cutar da wasu bisa jahilci mu wayi gari muna nadama. Abin da nake nema gare ku bai wuce ku nemi isnadin alƙaluma ba. Idan wata ƙungiya da ba a taɓa jin sunanta ba ta ɓullo wata biyu kafin zaɓe da takardar sakamako, ku tambayi ofishinta da aikin da ta taɓa yi, ku nemi ganin tambayoyin kamar yadda aka karanta su ga mutane da harshen da aka yi su. Tambayar da ta fara da jero ayyukan ɗan takara kafin ta nemi ra'ayi ta riga ta sa wa mai amsa magana a baki. Wanda ya ƙi nuna muku waɗannan abubuwa, ku ƙi karanta takardarsa a cikin labarai. Idan kuma ɗan takara ne ya biya kuɗin binciken, wannan ba laifi ba ne, 'yan siyasa a ko'ina suna yi don su san inda suke da rauni, amma a faɗa wa mai sauraro cewa nasa ne, a sa shi a gurbin tallace-tallace inda ya dace.

Na san halin da gidajenku suke ciki. Kuɗin man janareta da albashin ma'aikata ba sa jira, kuma kakar siyasa ita ce lokacin da sojojin baka ke sayen fili da tsada. Ba na neman ku rufe musu ƙofa. Mai sauraro ya san sojan baka, ya san wanda yake yi wa aiki, yana kuma auna maganarsa da wannan sani. Haɗarin yana wurin da aka ɗauko maganar sojan baka aka sa mata rigar bincike aka ba mai karanta labarai, domin muryar mai karanta labarai ita ce jama'a suka ba amana. Haka kuma shirye-shiryen da ake buɗe layi mutane su kira su faɗi gwaninsu suna da daɗin ji kuma suna da amfani, amma ina roƙon mai gabatarwa ya daina rufe shirin da cewa ga yadda Kanawa suka zaɓa. Ya ce ga abin da mutum talatin da suka sami layi suka faɗa, domin kowa ya san akwai waɗanda ake saya wa kati musamman don su yi ta kira.

Da za ku karɓi shawarata, da gidajen rediyon Kano sun haɗa kuɗi wuri ɗaya sun ɗauki nauyin bincike guda mai inganci maimakon kowa ya jira abin da za a kawo masa. Jihar tana da masanan da za su iya aikin. Jami'ar Bayero tana da tsangayar sadarwa da cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Gidan Mambayya, akwai kuma malaman lissafi da ƙididdiga a can da jami'ar Wudil. A zaɓo mazaɓu ta hanyar ƙuri'a daga shiyyoyin sanata uku gwargwadon yawan masu rajista, a tura matasa gida-gida da Hausa da Fulatanci inda ake buƙata, a tura mata su shiga wurin mata, kada a rubuta sunan kowa ko lambar wayarsa tare da amsarsa. A tambayi mutane wanda za su zaɓa, a kuma tambaye su abin da ya fi damunsu, ko ruwan sha ne ko taki ko makaranta ko faɗan daba da ƙwacen waya, domin wannan amsar za ta ba ku tambayoyin da za ku yi wa 'yan takara a muhawara. Sannan a wallafa komai, har da sunayen gidajen da suka biya da adadin mutanen da suka ƙi amsawa, a kuma daina fitar da sabon sakamako da zarar lokacin yaƙin neman zaɓe ya ƙare awa 24 kafin ranar ƙuri'a kamar yadda doka ta tanada.

Idan kuɗin wannan ya gagara, to aƙalla ƙungiyar 'yan jarida reshen Kano ta zauna da ku kafin jam'iyyu su gama fitar da 'yan takara, ku amince da takarda mai shafi ɗaya da za a liƙa a kowane ɗakin labarai, mai ɗauke da tambayoyin da dole mai kawo alƙaluma ya amsa kafin a karanta su. Ni da wasu tsofaffin abokan aikina da muka koyar da lissafi a shirye muke mu zo mu zauna da matasan ma'aikatanku na yini ɗaya mu bi ta kan yadda ake karanta irin waɗannan takardu, ba tare da an biya mu ko kwabo ba.

Allah Ya ba ku ikon riƙe amanar da ke hannunku, Ya zaunar da Jihar Kano lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Tsohon malamin lissafi kuma mai sauraronku,
daga birnin Kano.